Inci Hamsin da Biyar a Zauren Malam Isiyaku

Ran nan wasu samari uku suka shigo shagona da ke kan hanyar Kongolam. Sun gama karatun kwamfuta, suna so su haɗa hannu su buɗe shago irin nawa, shi ne suka zo neman shawara. Na sa aka dama mana fura, muna sha muna hira. Can sai ɗayansu, wani dogo mai saurin baki, ya dubi monitocin da na jera a kanta ya ce, "Baba Hamisu, gyara ne kawai mai wuya a harkar nan. Amma sayar da monita ai ko makaho ya iya. Mai kuɗi ka miƙa masa babba, talaka ka miƙa masa ƙarama, shi ke nan."

Sai da na ajiye ludayin. 'Yan uwansa suka zaci raina sana'ata da ya yi ne ya ɓata mini rai, suka shiga ba ni haƙuri. Ba shi ba ne. Abin da ya faɗa ɗin nan, ni Hamisu na taɓa aikata shi sak, sau ɗaya tak cikin shekara arba'in da 'yan kai, kuma har yau akwai bawan Allahn da yake ɗauke da sakamakon a fuskarsa. Na ce su gyara zama. Abin da na gaya musu ranar shi nake rubutawa a nan, don na lura ba su kaɗai ne masu wannan tunani ba.

Ni da rediyo na fara. Ina ɗan shekara goma sha biyar mahaifina ya kama hannuna ya kai ni rumfar Malam Tanko mai gyara, a bakin kasuwar Daura. Shekara biyu cur ban taɓa cikin rediyo ba. Aikina hura gawayi, domin a wuta ake gasa ƙarfen narka dalma, sai goge ƙura da tsohon burushin haƙori, sai jera sukurori a murfin gwangwani yadda aka kwance su. Kayan aikinmu gaba ɗaya ba su cika jaka ba: sukundireba uku, filaya, mita mai allura, da wani fasasshen madubi da muke jinginawa a gaban talabijin don mai gyara ya riƙa ganin hoto yana daga baya. Talabijin na lokacin masu tozo ne, kuma suna riƙe wuta a cikinsu ko an zare su daga soket. Ranar da na fara zura hannu ban sauke wutar ba, sai tsintar kaina na yi a kan buhun gawayi, ƙafa a sama. Malam Tanko bai ko ɗago kai ba. Ya ce, "To, yau ka fara koyo."

Amma kayan aikin da ya fi ji da shi ba ya cikin jakar. Tef ɗin awo ne irin na teloli, kullum yana rataye a wuyansa. Yakan sayar da talabijin na hannu, kuma ba ya taɓa sayarwa sai ya yi tambaya uku: wa zai kalla, a ina zai zauna, me zai kalla. In an amsa, sai ya hau kekensa ya bi mai saye har gida, ya cire takalmi, ya zauna a daidai inda maigidan yake zama, ya auna daga nan zuwa bango. Mutane har tsokanarsa suke yi, "Malam Tanko, riga za ka ɗinka wa talabijin ɗin?" Shi kuwa ko a jikinsa. Ranar da ya yaye ni, bai ba ni mita ba, bai ba ni filaya ba. Tef ɗin ya cire daga wuyansa ya rataya mini.

Da kwamfuta ta shigo na tafi Kano na yi shekara biyu ina koyon gyaranta, sannan na dawo gida na buɗe wannan shago. Aiki ya yi ta zuwa daga makarantu da ofisoshi da shagunan buga takardu, daga Baure, daga Zango, daga Sandamu, har daga tsallaken iyaka. A nan na gane cewa tambayoyin Malam Tanko sun fi amfani a monita fiye da talabijin. Talabijin kallo ake yi, in hoto ya ɗan dushe ba a rasa komai ba. Monita kuwa karatu ake yi a kanta, wuni guda, da ido biyun nan da ba a sayar da irinsu a kasuwa.

Akwai wata Malama Hassu da ke buga takardu a wani shago kusa da Kusugu. Mijinta ya je Kano ya ga wata monita mai inci talatin da biyu da araha, ya sayo mata don ya faranta mata. Bayan mako biyu ta aiko a kira ni, wai kwamfutar tana sa mata ciwon kai. Da na je sai na tarar teburin nata tsohon teburin keken ɗinki ne, tsakanin hancinta da gilashin bai fi kamu ɗaya ba. In za ta karanta layi guda sai ta juya wuya daga wannan gefe zuwa wancan. Harufan kuma duk sun yi zago-zago. Na ce mata, "Malama, kin san ɗinkin hula?" Ta ce ta sani. Na ce to fuskar monita haka take, ɗige-ɗige ne ƙanana aka jera, yawansu shi 'yan kasuwa ke kira rezulushan. In ka ɗauki ɗinkin da ya ishi hular yaro ka baza shi a hular ƙato, dole a ga rami tsakanin zare da zare. Monitar tata girman ne ya ƙaru, ɗigon bai ƙaru ba. Na musanya mata da mai inci ashirin da huɗu, na ɗora ta a kan littattafai biyu har samanta ya zo daidai idonta. Mijin ya yi kwana uku ba ya amsa sallamata da kyau, wai na rage wa matarsa daraja. Ita kuwa ciwon kai ya tafi.

Akwai kuma akasin haka, kuma shi ya fi cin mutane yanzu. Wani mai ɗaukar hoto ya sayo ƙaramar monita mai ɗigo da yawa ƙwarai, irin wadda ake kira 4K. Hoto ya fito tar, har gashin gira kana ƙirgawa. Amma rubutu ya koma kamar jerin kiyashi, yana karantawa yana kai hanci. Abin da bai sani ba shi ne, duk sanda ɗigo ya yi yawa, harafi ƙanƙancewa yake yi, sai in an shiga an gaya wa kwamfutar ta ƙara masa girma. Aikin minti ɗaya ne, amma sai wanda ya sani. Na yi masa, ya riƙe baki yana kallona kamar na yi tsafi.

Don haka abin da nake bi ba shi da yawa. Mutum ya zauna yadda ya saba zama, ya miƙa hannu, yatsansa ya kusa taɓa gilashin. Saman monita ya zo daidai ido ko ƙasa kaɗan, kada ta sa shi ɗaga haɓa. Mai tabarau mai hawa biyu a ƙara saukar masa. Kada ta fuskanci ƙofa ko taga, don haske zai wanke rubutun. A teburin aiki inci ashirin da huɗu ta ishi yawancin mutane, in za a haura haka to ɗigon ma ya haura, a kuma gyara girman rubutu. Duk wannan ba a sanin sa daga cikin shago. Sai ka je.

Sai shekarar da aka rufe iyaka ta zo. Kongolam da ka sani da hayaniya ta yi tsit. Abokan cinikina na tsallake suka ɗauke ƙafa, na gida kuma kowa ya koma yin komai a waya. Sai in buɗe shago da safe in rufe da yamma ba wanda ya yi sallama sai mai tallar gyaɗa. A lokacin akwai wata ƙatuwar monita mai inci hamsin da biyar, 4K, da wani ɗan Damagaram ya sa na kawo masa don ɗakin taro, ya kasa zuwa ɗauka, daga baya ya ce ya fasa. Wata bakwai tana jingine a bango, ta cinye rabin shagon. Na lulluɓe ta da zani don kada in riƙa ganin ta.

Wata Asabar da hantsi mota ta tsaya a ƙofa, mutum biyu suka fito. Babban, Nura, ma'aikaci ne a Abuja. Ƙaninsa Sale yana fataucin dabbobi, shi ke zaune da mahaifinsu a wani ƙauye gaba da Baure. Mahaifin nasu shi ne Malam Isiyaku, malamin zaure, wanda ya haura shekara arba'in yana ba magidanta karatun littattafai. Nura ya ba ni labari. Littattafan rubutun hannu ne na mahaifin shi Malam, manyan harufa baƙi wuluk, su kaɗai yake iya karantawa cikin sauƙi, domin bugun kasuwa mai ƙananan rubutu ya daɗe da barin sa. A daminar da ta wuce ɗakin da suke ciki ya rufta, ruwa ya jiƙa su, shafuka suka manne. Allah ya sa shekara guda kafin nan Nura ya bi su shafi-shafi ya ɗauki hotonsu. Yanzu ya zuba hotunan a kwamfuta, ya sa an haɗa sola, saura monita.

Ya ce, "Baba, ina son wadda ta fi kowacce girma a garin Daura. Malam ne. Ba zan kai masa ƙaramin abu ba."

Tef ɗin Malam Tanko yana wuyana a lokacin. Tambayoyin nan uku suna kan harshena. Amma sai na ji bakina yana cewa, "Ai kuwa ka zo a daidai." Na yaye zanin. Nura ya ce ba sai na wahala na bi su ba, mai haɗa solar zai kafa ta a bango. Na ce madalla. Har na taya su ɗorawa a mota, ina murna shagona ya yi fili.

Bayan wata huɗu, ranar wata Juma'a da safe, sai ga Sale da a-kori-kura, monitar tana baya an naɗe ta da bargo. Ya rame, idonsa ja. Muka gaisa, na ce lafiya, ta lalace ne?

Ya ce, "Lafiyarta ƙalau, Baba. Malam ne ya ce a dawo da ita, ka duba wata makaranta a ba su. Shi ba ta da amfani a wurinsa. Idon ya tafi."

Na yi salati. Na ce yaushe?

"Tun da aka kafa ta bai karanta layi guda ba. Da farko ya yi shiru, sai ya riƙa ba da karatu da ka. Daga baya ya ce yana tsoron ya ba mutane kuskure. Watan jiya ya sallami ɗalibai, ya ce su nemi wani malamin."

Na ce, "An kai shi asibiti?"

Sale ya sunkuyar da kai. Ya ce shekarun baya wani likita ya taɓa gaya wa Malam cewa yanar ido ta fara ɗan taruwa a idonsa, shi ne Malam ya ce to yanzu ta nuna ke nan. Wani abokin Malam kuma ya ba shi labarin wani mai cire yana na gargajiya da ke zagayowa ranar kasuwa, wanda ke soka siririn ƙarfe a gefen ido ya ture ta, a yi a gama rana ɗaya, ba jira ba layi. Mai cire yanar ya zo ya duba, ya ce lalle yana ce, duka biyun. Ya yi wa na hagu ranar kasuwar da ta wuce. Na dama kuma jibi. Malam ya hana a gaya wa Nura, wai kada ya ji kyautarsa ta tashi a banza.

Sai a lokacin, bayan wata huɗu, na yi tambayoyin da ya kamata in yi tun ranar farko.

"Sale, a ina Malam yake zama?"

"A kan buzunsa mana, jikin bangon zaure."

"Monitar fa?"

"A ɗaya bangon, can sama kusa da rufi. Ka san rubutun addini ne, ba a ajiye shi ƙasa mutane suna gittawa."

"Taku nawa ne tsakani?"

Ya ɗan yi tunani. "Zai yi bakwai."

"Kai kana ganin rubutun?"

"Ras, Baba. Ni nake kunna masa kullum. Kowa ya shigo sai ya yaba. Liman ma ya gani, ya ce bai taɓa ganin abu mai kyau haka ba."

"Kana ina kake ganin nasa?"

"Ina tsaye a gabanta, a nan kwamfutar take."

"A cikinku akwai wanda ya taɓa zama inda Malam yake zama ya duba?"

Ya dube ni kamar na zagi mahaifin nasa. Ya ce, "A buzun Malam? Wa ya isa?"

Na zagayo daga bayan kanta. Na ce kada ya sauke monitar. Na ɗauko wata tsohuwar monita mai inci ashirin da biyu da ba wanda ya taɓa tayawa, na haɗa da waya da sukundireba, na rufe shago na shiga gaban motar. Muka kama hanyar Baure.

Mun tarar da Malam Isiyaku shi kaɗai a zaure. Dattijo ne siriri, fari tas da furfura, an ɗaure masa idon hagu da farin ƙyalle, ruwa yana tsattsafowa ta ƙasan ƙyallen yana bin gemunsa. Tabarmin ɗalibai a naɗe a jingine. Na durƙusa na gaishe shi, na ce ni ne Hamisu wanda ya sayar da monitar. Ya ce, "Allah ya yi maka albarka, an ce abu ne mai kyau. Mu ne dai ba mu da rabo."

Ƙarfen da aka rataye ta a kai yana nan a bango. Ni da Sale muka hau benci muka mayar da ita yadda take, ya kunna, ya buɗe littafin da Malam ya tsaya a kai. Daga inda nake tsaye, gaskiyar Sale ne, ras. Shafi biyu ne gefe da gefe kamar buɗaɗɗen littafi, a tsakiyar gilashin, sauran wurin duk fili. Na sauko, na cire hula na mayar. Sannan na ce, "Allah gafarta Malam, ina neman wata alfarma mai nauyi. Ina so in zauna a buzunka."

Sale ya ce, "Haba Baba!"

Malam ya ɗaga masa hannu. Ya ce, "Zauna mana. Ai fatar rago ce." Ya ja jiki ya koma kan tabarma.

Na zauna, na jingina bayana inda nasa yake jingina, na ɗaga kai. Wallahi ban ga komai ba. Ni da har yau nake zura zare a allura ba tabarau, ban iya raba harafi ɗaya da ɗan uwansa ba. Layuka ne kawai baƙaƙe sirara. Ga hasken ƙofar zaure ya daki gilashin ya wanke rabin shafin dama, ga wuya a tanƙware kamar mai duban wata. Na ƙifta ido, na murza, na sake dubawa. Babu. Wannan shi ne abin da bawan Allahn nan ya yi wata huɗu yana kallo, kowa yana tsaye a can yana ce masa ras.

Na tashi na ce, "Sale, zo ka zauna."

Ya ce shi ba zai iya ba. Malam ya ce, "Sale, zauna aka ce." Ya zo ya ɗosana a bakin buzun, ya ɗaga kai. Ya ƙura ido, ya ƙara ƙurawa. Sai ya ɗora hannu biyu a ka ya ce, "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, ni ma ba na gani. Wallahi ba na gani."

Malam ya ce, "Me kuke cewa ne?"

Sai kawai na shiga aiki. Na nemi a kawo mini wani abu gajere. Sale ya ce ai ba za a sa rubutun a ƙasa ba. Malam ya ce, "Ɗauko akwatin littattafan. Shekara arba'in a kan cinyata nake ɗora su, ban ji an ce na wulaƙanta su ba." Aka kawo akwatin katako, na shimfiɗa masa sallaya a kai, na ɗora ƙaramar monitar. Malam ya koma buzunsa. Na ce ya miƙa hannu, na matso da akwatin har yatsansa ya kusa taɓa gilashin. Na karkatar da ita ta ba ƙofa baya, na ɗan kwantar da ita yadda littafi yake kwanciya. Na bar shafi ɗaya maimakon biyu, na yi ta ƙara masa girma har layi guda ya cika gilashin daga baki zuwa baki. Na ce, "Allah gafarta Malam, a sa tabarau a duba."

Ya sa tabarau a kan ƙyallen. Ya sunkuyo. Ya daɗe yana dubawa, har na fara jin tsoron ko na yi kuskure. Sai leɓɓansa suka fara motsi. Sai murya ta fito, a hankali, sannan ta ɗaga, da irin karin nan na masu ba da karatu, yana karanta Larabcin yana fassarawa, yatsansa yana bin layi. Da ya zo wani wuri ya tsaya ya ce, "Ga inda mahaifina ya yi gyara a gefe, tawadar ta fi ja." Ko ni sai da na matsa sannan na ga jan. Ya karanta shafin nan tun daga sama har ƙasa bai yi tuntuɓe ba. Sale yana durƙushe a gefe yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Da ya kai ƙarshe sai ya ɗaga hannu a hankali ya taɓa ƙyallen da ke idonsa na hagu.

Ya ce, "Hamisu."

Na ce, "Allah gafarta Malam."

"Shi ma wannan ɗin, da ya karanta ke nan?"

Na so ƙasa ta tsage in shige. Amma ba a yi wa irin wannan mutum ƙarya. Na ce, "Da ya karanta, Malam. Kuma laifina ne. Aikina ne in zo in zauna a nan tun kafin in sayar, na sani, na ƙi zuwa."

Ya jinjina kai. Ya ce, "Yaro ya kawo abu daga nesa yana murna. Mutum bakwai, takwas, har da Liman, kowa ya ce yana gani. Ni kaɗai ne ba na gani. To wa zan tuhuma in ba idona ba?" Sannan ya juya wajen ɗansa. "Sale, in mutumin nan ya zo jibi, ka ba shi ruwa ya sha, ka ce mun gode. Ka kuma bi gidajen ɗalibai ka ce ranar Litinin akwai karatu."

Washegari muka kai shi asibitin ido. Likita ya buɗe ƙyallen, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce na hagun ya riga ya lalace, abin da za su iya shi ne su kashe ciwon kada ya yi muni. Na daman kuma ya ce yanar da ke ciki ba ta kai a taɓa ba, tabarau kawai za a sauya. Nura ya zo daga Abuja ranar Lahadi. Bai zage ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya tsaya ya dubi ƙatuwar monitar da ke bango ya ce, "Ni na ce a ba ni babba." Na ce, "Kai ɗa ne, abin da ɗa zai ce ka ce. Ni ne mai sana'a."

Da na kawo nan a labarin, furar samarin ta daɗe da tsinkewa a kwano, ba wanda ya ƙara taɓa ludayi. Na ce musu in sun tashi sayen kayan shago su fara biyawa ta wurin teloli su sayi tef, kuma su sayi takalmin da ba ya wuyar cirewa. Gidan mai gari ne, ofishin shugaba ne, zauren malami ne, duk nauyin wurin, ka roƙi alfarma ka zauna inda mai kallon zai zauna. In an hana ka, kada ka sayar.

Malam Isiyaku yana nan yana ba da karatu, zauren ya sake cika. Tsohuwar monitar nan mai inci ashirin da biyu tana kan akwati a gabansa. Duk wata nakan je in goge mata ƙura in duba wayoyi, in na gama sai in koma bayan ɗalibai in zauna. Bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko sau ɗaya. Sai dai rubutun Larabci daga dama yake farawa, a hagu yake ƙarewa. Kowane layi in ya zo ƙarshe, sai Malam ya juya kansa gaba ɗaya zuwa hagu kafin idonsa na dama ya ga kalmar ƙarshe, sannan ya dawo ya kama na gaba. Shafi ɗaya yana da layi goma sha biyar. Ina zaune a baya ina gani.